Tambaya da Amsa: Turancin Wurin Aiki, Tsakanin Cin Fuska da Noƙewa

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan karo, kuma dukkansu daga ma'aikata ne waɗanda Turanci bai gagare su a takarda ba, amma idan aka zo ga magana da shugaba ko abokin aiki, sai su rasa inda za su tsaya tsakanin ladabi da faɗin gaskiya. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin abin da ke cikinta shi ne tushen sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani, kuma da Turanci muke gudanar da komai. A wani taro shugaban sashenmu ya karanta wasu alƙaluma da na tabbata ba daidai ba ne, domin ni na haɗa rahoton. Na ce masa "You are wrong, sir", sai ɗakin ya yi tsit, daga baya kuma wata abokiyar aiki ta ce mini na ci masa fuska. Tun daga ranar, duk abin da zan faɗa sai na fara da ba da haƙuri sau biyu ko uku, yanzu kuma babu mai sauraro na. Ina mafita?

Amsa: Malama, abin da ya same ki shi ne an gudu ba a tsira ba, domin kin bar kaushin harshe kin koma ga noƙewa, kuma ta biyun ta fi ta farko illa ga aiki. Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, a ranar da kika yi magana kin yi daidai da kika yi ta. Alƙaluman da ba daidai ba kaya ne da dole a sauke su a gaban shugaba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya rage kawai shi ne gammo. Lafazi mai taushi kamar gammo yake, ba ya rage nauyin kaya ko kaɗan, sai dai yana hana kayan cin kan wanda aka ɗora wa.

Kalmar da abokiyar aikinki ta yi amfani da ita, wato cin fuska, ita ce daidai abin da masana suka gina nazarin ladabin magana a kansa. Erving Goffman, masanin zamantakewa, ya yi rubutu a 1955 a kan yadda mutane suke tsare wa juna fuska a hulɗarsu ta yau da kullum, sannan Penelope Brown da Stephen Levinson suka faɗaɗa batun a 1978, suka sake fitar da shi a 1987. A ganinsu abubuwa uku ne suke auna yawan taushin da magana take buƙata: nisan da ke tsakanin mai magana da mai sauraro, fifikon ikon da ɗaya yake da shi a kan ɗaya, da kuma nauyin abin da za a faɗa ko za a nema. A taronku abubuwa biyu daga cikin ukun sun yi nauyi a lokaci guda, domin shugabanki ne, kuma gyara ne a gaban jama'a.

Jimlarki ta yi zafi ne saboda ta fara da "you", ta kuma ɗora kuskuren a kan mutum maimakon a kan takarda. Turanci yana da hanyoyin kauce wa wannan ba tare da an taɓa gaskiyar ba. Da kin ce "I have a different figure here. The report shows 42, not 24. Could we check it?", wato ni wani adadi daban nake da shi, rahoton 42 ya nuna ba 24 ba, ko za mu duba, da kin faɗi duk abin da kike son faɗa, har da ƙarin hujja, kuma kin bar wa shugaban ƙofar fita da mutuncinsa. Ki lura cewa adadin yana nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar maganar, babu abin da ya lulluɓe shi. Haka nan ake cewa "I haven't received the file" maimakon "You didn't send the file", domin ta farkon labari ce a kan abin da bai iso ba, ta biyun kuwa tuhuma ce.

Hanya ta biyu tana cikin nahawu. Turanci yakan ari siffar shuɗaɗɗen lokaci domin ya ja da baya kaɗan daga mai sauraro, shi ya sa "could" ta fi "can" taushi, "would" ta fi "will", kuma "I would like" ta fi "I want" dacewa da ofis, ko da yake duk maganar yanzu ake yi. Mutane da yawa suna zaton kalmar "please" ita kaɗai tana isa ta mayar da umarni roƙo, alhali "Please send it now" umarni ce har yanzu, kuma idan aka faɗe ta da ƙarfi takan nuna ƙosawa. Abin da yake sauya ta shi ne mayar da ita tambaya: "Could you send it by noon, please?"

Yanzu ga inda nake so in daɗe, domin shi ne halin da kike ciki a yau. Taushin lafazi yana da iyaka, kuma abin tausasawa guda ɗaya ya isa jimla guda. Idan kika ce "Sorry, I may be wrong, but I just thought maybe the figure might be a bit different", kin jera kalmomin shakka shida a kan abin da ba ki da shakka a kansa, kuma mai sauraro zai ɗauke ki a kan maganarki, ya ɗauka lallai ba ki da tabbas, ya wuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma harkar sufurin jiragen sama ta koyi darasinsa da rayuka. A ranar 25 ga Janairun 1990 wani jirgin kamfanin Avianca da ya taso daga Kolambiya ya shafe fiye da awa guda yana shawagi yana jiran izinin sauka a birnin Niyok na Amurka saboda rashin kyan yanayi, har mansa ya kusa ƙarewa. Matuƙin ya umarci mataimakinsa, wanda shi ke riƙe da rediyo, da ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage cewa suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya ce musu mai yana ƙare musu, tun da farko kuma ya nemi a ba su fifiko, amma bai taɓa furta kalmar "emergency" ko "mayday" ba, waɗanda su ne suke tilasta a bar komai a ba jirgi hanya. Injinan jirgin suka mutu, ya faɗi, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu, kuma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta sanya rashin bayyana halin gaggawa a fili cikin musabbaban haɗarin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda irin wannan ne asibitocin Amurka da dama suke koya wa ma'aikatansu matakai uku na magana, a ƙarƙashin wani tsarin horo da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2006. Ma'aikaciyar jinya da ta ga likita zai yi kuskure za ta fara da "I am concerned", wato ina da damuwa. Idan bai tsaya ba ta ce "I am uncomfortable", wato hankalina bai kwanta ba. Idan har yanzu bai saurara ba ta ce "This is a safety issue", wato wannan batun tsaron rai ne. Babu zagi a cikin ko ɗaya, babu kuma ban haƙuri, kuma kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi. Ke ma kina iya aron tsarin: ki fara da tambaya, idan ba a ji ba ki ce "I'm concerned about this figure", idan kuma za a yanke hukunci a kansa ki ce "I don't think we should approve this until we have checked it."

Game da ba da haƙuri, ki adana "sorry" domin ranar da kika yi laifi da gaske, a ranar kuma ki faɗe ta sau ɗaya, ki bayyana abin da ya faru, ki faɗi yadda za ki gyara da lokacin da za ki gama. Idan kuma akwai halin sanar da shugaba kuskurensa a keɓe kafin taro, hakan ya fi, amma idan hukunci zai fita daga ɗakin a kan adadin da ba daidai ba, a ɗakin ya kamata ki yi magana.

Tambaya: Malam, ni injiniya ne, kuma ina aiki da mutane daga ƙasashe daban-daban. Ina jin kunyar yadda nake furta Turanci, don haka nake haddace manyan kalmomi domin a san na yi karatu. Duk da haka, kafin in gama shirya jimla a zuciyata an riga an wuce zuwa wani batu. Me zan yi?

Amsa: Malam, matsaloli uku ka haɗa a wasiƙa guda, kuma ta farko ce mafi sauƙi. Kimanin mutum biliyan 1.5 ne suke magana da Turanci a duniya, waɗanda kuma aka haifa a cikinsa ba su wuce kimanin miliyan 400 ba, saboda haka yawancin hirar da ake yi da Turanci a wuraren aiki tsakanin mutane irinka ake yin ta. Abin da ake nema daga gare ka shi ne a gane ka, kuma ba kowane bambancin furuci ne yake hana ganewa ba. Jennifer Jenkins, masaniyar harshe 'yar Birtaniya, ta nazarci hirarrakin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, ta kuma bayyana a shekarar 2000 cewa sautin "th", wanda ɗalibai suke shan wahala a kansa, ba kasafai yake jawo rashin fahimta ba, amma musanya sauran baƙaƙe, da rikita dogon wasali da gajere, da ɗora nauyin murya a kan kalmar da ba ita ba a cikin jimla, su ne suke ɓatar da mai sauraro. Ga mai jin Hausa wannan yana nufin ya ba da ƙarfi ga bambanta "p" da "f", domin a harshenmu sauti guda ne yake tsaye a wurinsu, alhali a Turanci su ne suka raba "pile" da "file", suka kuma raba "pull" da "full". Haka nan "b" da "v". Minti goma a kullum kana maimaita irin waɗannan tagwayen kalmomi, kana naɗar muryarka a waya kana saurare, ya fi maka amfani a kan ƙoƙarin kwaikwayon karin harshen wasu.

Manyan kalmomin kuwa ina ba ka shawara ka sauke su, domin su ne suke cinye maka lokacin da kake kuka da rashinsa. Turawan da kansu sun daɗe suna yaƙi da su: a Birtaniya an kafa wata ƙungiyar fafutukar sauƙaƙa Turanci tun 1979, a Amurka kuma an yi doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a takardu da harshe mai sauƙi. Wanda ya ce "use" maimakon "utilise", ko "start" maimakon "commence", ba a ɗaukarsa marar ilimi, kuma a wurin injiniya abin da yake nuna ƙwarewa shi ne ya faɗi abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa, da kwanakin da gyara zai ci.

Batun wucewar zance kuma ba laifin kaifin ƙwaƙwalwarka ba ne. Wani nazari da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009, wanda ya duba harsuna goma, ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsarta a hira ba ta wuce kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ba a matsakaici. Babu wanda zai iya gina jimla daga tushe a wannan ɗan lokaci, ko da a harshen uwarsa ne. Masu iya taro suna kama wuri ne tukuna da gajeriyar magana da suka riga suka saba da ita, sannan su yi tunani bayan an juyo gare su. Ka haddace uku ko huɗu har su zama jiki: "Can I come in here?" idan kana son shiga, "Let me think about that for a second" idan an jefo maka tambaya, "Let me just finish this point" idan an katse ka, da kuma "So, if I understand correctly" idan kana son ka tabbatar da abin da ka ji. Kafin kowane taro kuma ka rubuta jimlar farko ta abin da kake son faɗa, domin ita ce mai wuya, sauran sukan biyo ta.

Tambaya: Malam, shugabata takan turo mini ƙarin aiki ta imel alhali hannuna a cike yake. Ba na iya cewa a'a, sai in amsa da "I will try", daga baya in kasa cikawa, ta yi fushi.

Amsa: Malama, kina rubuta "I will try" kina nufin da wuya, ita kuwa tana karantawa tana jin kin ɗauka, sai ta gina nata alkawarin a kan naki, kuma alkawari kaya ne. Fushinta na ranar wa'adi ya fi nauyi a kan ɗan rashin jin daɗin da za ta yi da kin gaya mata gaskiya tun farko, lokacin da take da damar neman wani ko ɗaga ranar.

Ba lallai ne ki furta "no" ba, domin abin da kike da shi a zahiri zaɓi ne da ya kamata ki mayar mata. Ki rubuta, alal misali: "I can take this on, but I'm finishing the audit report for Thursday. Which should come first?" Ma'ana, zan iya ɗauka, amma ina kammala rahoton bincike na ranar Alhamis, wanne zan fara yi? Tsara abin da ya fi muhimmanci aikin shugaba ne, kuma mai yiwuwa ba ta san yawan abin da ke gabanki ba. Idan kuwa abin ba zai yiwu ba sam, ki ce "I won't be able to finish it by Thursday, but I can have it ready on Monday." A koyaushe ki ambaci rana, domin "soon" da "as soon as possible" kowa da yadda yake fassara su.

Tun da ta imel kuke yin wannan, ki ƙara kula. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun nuna a 2005 cewa masu aika imel suna zaton za a gane yanayin da suka yi magana a ciki, ko da gaske suke ko gatse, fiye da yadda ake ganewa a zahiri, domin su suna jin muryarsu a zuci yayin rubutu, mai karatu kuwa haruffa kawai yake gani. Saboda haka gajeriyar amsa wadda za ta wuce lafiya a baki tana iya zama kamar tsawa a rubuce. Ki buɗe da jimla guda ta godiya ko ta nuna kin fahimci buƙatar, ki faɗi abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba, idan kuma kin ga batun ya fara zafi, ki bar rubutu ki nemi ku yi magana baki da baki ko ta waya.

Tambaya: Malam, na gabatar da wata shawara ga manajanmu, wanda ɗan Ingila ne, ya ce "That's interesting, I'll bear it in mind." Na ɗauka ya amince, na fara aiki, sai ya tambaye ni wa ya ba ni izini.

Amsa: Malam, bai amince ba, kuma a nasa ganin bai ɓoye maka komai ba. A Turancin ofis na Birtaniya ana yawan rage wa magana kaifi, ta yadda "I'll bear it in mind" takan nufi na ji amma kada ka sa rai, "with respect" takan zo gabanin saɓani, "quite good" kuma takan nufi ba laifi kawai, alhali a bakin Ba'amurke yabo ce sosai. Su kansu masu harshen sukan yi tuntuɓe da juna. Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya ba da labarin yadda hafsoshin Birtaniya da na Amurka suka yi doguwar muhawara mai zafi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a kan kalmar "table", domin a wurin 'yan Birtaniya tana nufin a gabatar da takarda a tattauna yanzu, a wurin Amurkawa kuwa tana nufin a jingine ta, sai daga baya suka gane abu guda suke so.

Tun da ba za ka iya haddace duk irin waɗannan ba, ka saba da rufe kowace tattaunawa da tambayar da amsarta e ce ko a'a. Kafin ka tashi daga gabansa ka ce "Just to be clear, shall I go ahead, or would you prefer me to wait?", wato domin in tabbatar, in ci gaba ne ko ka fi son in dakata. Idan ya ce ka ci gaba, ka tura masa imel na layi biyu a ranar, ka rubuta abin da kuka tsayar da ranar da za ka fara. Game da abin da ya riga ya faru kuma, ka same shi ka ce masa ka fahimci maganarsa a matsayin amincewa, ka dakatar da aikin, kana kuma jiran abin da zai yanke.